Igiyar da Na Ƙi Saki

Akwai ranar da ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa manta sunayen jikokina, ita ba zan manta da ita ba. Ranar kasuwa ce a tsakiyar damina, a bakin ƙoramar da ta raba garinmu da hanyar Buza. A ranar na riƙe igiya da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, ina ganin ƙanena nake ceto. Shekaru sun shuɗe, amma har yau ban iya ba da labarin nan a tsaye, sai na nemi wuri na zauna.

Ni mai haƙar rijiya ne, sana'ar da na gada wurin mahaifinmu. A ƙasarmu ta Adar ruwa yana da nisa, ƙasa kuma dutse ce, don haka rijiya takan yi zurfin da idan ka leƙa ba ka ganin wanda ke ciki. Ran mutumin da ke ƙasa yana hannun mai igiya. Abu na farko da mahaifinmu ya koya mini shi ne ƙullin da ake yi wa mutum a ƙugu, wanda nauyi ke ƙara masa ƙarfi. Abu na biyu kuwa, ko kunama ta harbe ka, ko tafinka ya tsage, ba ka sakin igiya matuƙar akwai mutum a bakinta. Na yi shekara ashirin ina wannan aiki daga Tamaske har Babankatami, ban taɓa saki ba. Kuma ba na ɓoyewa, ni mutum ne mai baki. Duk majalisar da na zauna sai an ji wannan labari, ko an tambaya ko ba a tambaya ba.

Autanmu na girme shi da shekara goma sha ɗaya. An haife shi ne a wata ƙasa ta bakin teku, lokacin da mahaifinmu ya tafi can aikin rijiyoyi ya ɗauke ni da Inna. Yana ɗan shekara uku mahaifinmu ya rasu, muka dawo gida, ni na zama uba. Da ya isa shiga makaranta sai muka kai shi Keita wurin kawunmu, ashe mun kai kifi ruwa. Maimakon aji, tabki yake tafiya. Na dake shi a kan wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ya yi kuka, ya share hawaye, gobe kuma a same shi tsakiyar tabki, inda masunta ma sai da gora suke zuwa.

Da ya kai shekara goma sha tara ya bi samari cin rani, ya koma ƙasar da aka haife shi. Yana dako a bakin ruwa sai aka yi wata gasar ninkaya da kowa ke iya shiga. Ya shiga da gajeren wandonsa na dako, ya riga mutanen da suka yi shekaru ana horar da su. Wani mai horar da 'yan wasan sojan ruwa ya gan shi, ya bi shi har inda yake kwana. Da yake yana da takardar haihuwa ta can, ba a daɗe ba aka ɗauke shi soja, aka sa shi cikin rukunin wasanninsu.

Sai a bakinsa na san akwai sojan da aikinsa wasa ne. Su 'yan kaɗan ne, an tsamo su ɗaya ɗaya. Da asuba suna cikin teku, su yi tafiyar da a ƙasa ma sai ka nemi jaki. Da hantsi su koma kwamin ninkaya, mai horarwa na tsaye da agogo a hannu. Da yamma tuƙin kwalekwale, ko gasar ceto, inda ake jefa gunki mai nauyin mutum a nutsar, ka nitse ka ɗauko shi. Abincinsu ma auna musu ake yi. Yakan turo mini hotuna masu motsi a waya, ni kuwa in bi gari da su. Mai shayi ya gani, mai faci ya gani, liman ma bai tsira ba. Ina cewa, “Ku duba ƙanena, ruwa ka tsoron shi.” Wasu su yaba, wasu su ce ai komai ana haɗawa a waya yanzu. Wannan magana tana ci mini rai, ina jiran ranar da za su gani da idonsu.

A shekarar da abin ya faru, an ba shi hutun kwana goma ya zo ya ga Inna, saboda da ya koma za a shiga sansani. A sansanin za a zaɓi waɗanda za su wakilci rundunar a babbar gasar sojoji a ƙasar waje, kuma a tseren dogon zango sunansa ne a gaba. Shekara shida yana wahala don wannan zaɓe. Ya faɗa mini mai horar da su ba ya wasa da lokaci, wanda bai iso ranar buɗe sansani ba an cire shi, ko ɗan wane ne.

Ranar tafiyarsa aka wayi gari ƙorama ta kawo. Motar da za ta kai shi Madawa tana tsallake, domin ranar kasuwa kaɗai take zuwa, kuma direban yana ta ɗaga mana hannu yana nuna rana, wato shi da la'asar zai juya. Idan motar nan ta tafi, ba wata sai bayan kwana uku, kwana ukun nan kuwa su ne suka rage masa na hanya. Inna ta rako mu har bakin gari. Ba ta yi wa Auta doguwar magana ba, ni ta kama wa hannu ta ce, “Ga ɗan'uwanka nan. Ka riƙa mani shi.”

Yadda muke yi da ƙorama tun kakanni shi ne a jira kan ruwa ya wuce. In ya sauka ya dawo iya ƙirji, sai a sami ƙaƙƙarfa guda a ɗaura masa igiya a ƙugu, ya taka ya haye, ya ɗaure ta a jikin gawon da ke tsallake. Daga nan kowa ya bi igiya da kayansa a ka. Akwai wani tsoho da ke kula da mashigin. Kakanninsa arna ne masu yi wa ruwan nan yanka, shi kuwa ba ya wuce sahun farko a masallaci, amma sanin ruwan bai bar gidansu ba. Ya jefa karan dawa, ya bi shi da ido, ya girgiza kai.

Ya ce, “Ruwan ga bai kwanta ba. An yi ruwa wajen Allakaye da asuba, shi na yaka isowa yanzu. Babu mai taka shi yau.”

Mutane sun taru gaɓa biyu, mata da kwandunan kuɓewa, masu awaki, masu buhunan albasa. Wani daga cikin masu cewa hotunan waya haɗi ne ya dube ni yana murmushi ya ce, “To ai ga mai teku nan. In ba a takawa, ba a iyo?” Aka yi dariya. Wani kuma ya ce tun da sojan zai haye, ya tafi da igiya mana, kowa ya huta idan ruwa ya ragu. Ni kuwa kaina ya kumbura. Tun kafin Auta ya buɗe baki na riga na kwance igiyata ta rijiya daga kan jaki.

Auta ya daɗe yana kallon ruwan. Ya tafi sama kaɗan, ya dawo, ya ba wani abokinsa jakarsa ya ce a aika masa daga baya, takardunsa kawai ya naɗe a leda ya soke a wando. Sannan ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya don kada mutane su ji.

Ya ce, “Yaya, ni ina iya hayewa. Amma ba da igiya ga ƙugu ba. Can an hana muna. Ruwa mai gudu, in igiya tam miƙe, ƙasa taka kai mutum. Ba ni bakinta in riƙa ga hannu, in ta yi mani nauyi in yar.”

Da a ɗaki ya faɗa mini, mu biyu, wataƙila da na saurara. Amma ido ɗari na kanmu, kuma maganar Inna tana kunnena. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, “Kai Auta, yaushe anka haihe ka? Mutum nawa nis sa rijiya nif hidda? Ka shiga ruwan ga ba igiya, in yat tahi da kai mi zan ce ma Inna?”

Mutane suka ce gaskiya ne, babba babba ne. A garinmu ƙane ba ya musu da wansa a gaban jama'a, balle wan da ya rene shi. Soja ne, ya ga teku, ya hau jirgin sama, amma sai ya sunkuyar da kai kamar ranar da nake kama shi a tabki. Ya ce, “To, Yaya. Amma ka yi ƙullin da zan iya warwarewa. Kuma in kun ga na ɗaga hannu, ku saki dut. Kak ku ja. Ku saki.”

Na ce, “Na jiya.”

Ban ji ba. Na zagaya bayansa na yi masa ƙullin rijiya, na ja na tabbatar ya zauna, a bayan ƙugu inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi. A raina ina cewa yaro bai san wuta ba sai ya taka. Wallahi ba mugunta ba ce, ina jin tsoro ne, kuma abin da na sani ke nan na tsare mutum. Sai dai tare da tsoron akwai son a gani, wannan ma ba zan ɓoye ba.

Ya shiga daga sama, ya bar ruwan ya ɗauke shi yana yanka shi a karkace. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Ruwa ja wur, yana tafe da kara da kumfa yana ruri, shi kuwa hannuwansa na fita suna shiga ba gaggawa, kansa na juyawa yana shan iska. Mata suka fara guɗa. Mai yi mini dariya ya saki baki yana kallo. Ina sakin igiya a hankali, maza shida a bayana suna riƙe da sauranta, ina ji kamar ni ne sarkin garin.

Ya wuce tsakiya ke nan sai na ji igiyar ta yi nauyi. Ruwa ya ja cikinta ya yi ƙasa da shi, kara da rassa suka taru a kanta. Kafin in ankara ta miƙe tsaf, ta fara kuka a hannuna. Auta ya tsaya cak a wuri ɗaya, ruwa ya hau kansa. Ya ɓullo, ya ɗaga hannun hagu sama sosai.

Na ga hannun. Na daɗe ina gaya wa kaina ban gani ba, amma na gani.

Na bayana ya ce, “Ya ɗaga hannu. Mu saki?”

Na ce, “Wanda yas saki shi yak kashe shi. Ku ja.”

Muka kafa dugadugai a laka muka ja, maza bakwai majiya ƙarfi. Duk jan da muka yi sai ya nutse, in muka ɗan numfasa ya ɓullo. Ina ganin haka da idona, amma kaina bai ɗauka ba, domin a rijiya ja shi ne fitarwa. Ya sake ɗaga hannun. Hannun dama kuwa ya mayar baya yana neman ƙullin, igiyar ta naɗe masa shi. Ana cikin haka sai ga wata bagaruwa da ruwa ya tumɓuke, saiwoyinta a sama, ta zo ta hau igiyar da duk nauyinta. Na ji fizgar har cikin haƙorana. Auta ya ɓace, igiya na shiga ruwa a miƙe, ba a ganin komai a bakinta.

Sai ga tsohon nan mai kula da mashigi. Ya zo ta gefena, ya zaro wuƙarsa, ya yanke igiyar a gaban yatsuna. Muka zube a laka gaba ɗayanmu. Na tashi na shaƙe shi, tsoho sa'an mahaifina, ina ce masa ya kashe mini ɗan'uwa. Da ƙyar aka ɓamɓare ni. Shi dai yana nuna ƙasa da yatsa yana tari.

Can nesa, inda ƙorama ta yi kwana, wani abu baƙi ya ɓullo. Auta ne, kwance rigingine, ƙafafu a gaba, yana tuƙa kansa da hannu ɗaya. Ba mai igiya, ba mai taimako. Ya bar ruwan ya kai shi inda ya yi sanyi, ya kama saiwar wata bishiya, ya ja jikinsa ya fita a tsallaken. Ya miƙe tsaye. Hannunsa na dama yana lilo a gefensa kamar ba nasa ba.

Mutanen tsallake suka ɗauke shi suka sa a motar, direban ya juya ba tare da jiran fasinja ba. Ni ina wannan gaɓa ina kallo, tafukana duk jini, ba hanyar bin su. Sai washegari da hantsi ruwa ya kwanta na haye da ƙafa, ruwan bai kai mini gwiwa ba. Wannan ma ya ƙona mini rai.

Na same shi a asibitin mishan da ke bayan Madawa. Wani ma'aikacin jinya, Kirista ne ɗan yankinmu, shi ya zaunar da ni a kan benci ya fassara mini maganar likita. Ya ce kafaɗar da ta goce an mayar, wannan ba komai ba ne. Amma jijiyoyin da ke ba hannu umarni sun tsinke tun daga gindin wuya, saboda an ja hannun ta baya da ƙarfin da ya wuce kima. Na tambaya wata nawa zai yi ya warke. Ya dube ni ya ce, “Malam, sai dai mu roƙi Allah. Amma kak ka sa rai.”

A rana ta uku, ina zaune a bakin gadon Auta, sai mai horar da su ya kira. Auta ya sa wayar a kunnen hagu yana magana da Faransanci. Ni ban yi makaranta ba, amma na tsinci kalmar itace da kalmar ruwa. Da ya ajiye na tambaye shi me ya ce. Ya ce, “Na ce mishi itace yab buge ni.” Ya juya fuskarsa wajen bango. Ranar ce ranar buɗe sansani.

An yi zaɓe ba shi, an tafi gasar ba shi. Rundunar ba ta yar da shi ba, ta kai shi wurin likitocinta, aka yi aiki har sau biyu, hannun bai tashi ba. Daga baya suka bar shi a bakin kwamin, yana riƙe agogo da hannun hagu yana auna wa waɗanda a da suke bin bayansa. Hotuna suka daina zuwa wayata, ni ma na daina zama majalisa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda labarin ya zauna a gari. Mutane suka ce da ba don wansa ya riƙe igiya ba, da tun farko ruwa ya tafi da shi. Maza shidan da suka ja tare da ni ba wanda ya ce uffan, domin su ma hannunsu na ciki. Tsohon kuwa har ya rasu bai ɗaga maganar ba, na je na durƙusa na nemi gafararsa ya ce ya yafe. Inna takan kama tafukana ta shafa tabon igiyar, ta ce wa baƙi, “Ku duba abin da yay yi don ɗan'uwanshi.” Ta yi ta sa mini albarka a kan wannan har ƙarshen ranta. Kowace albarka sai in ji ta kamar garwashi, amma ban taɓa samun ƙarfin gaya mata ba.

Sai bayan rasuwarta, da Auta ya zo zaman makoki, na samu na yi magana. Mutane sun watse, azahar ta gabato, muna zaune mu biyu a zaure da buta a gabanmu. Hannun ya ƙanƙance, yana sa shi cikin aljihun riga don kada ya yi lilo.

Na ce, “Auta, ranar nan na ga hannunka.”

Ya ce, “Na sani, Yaya. Ina kallon ka lokacin da kag gani.”

Na ce, “Kuma ƙullin rijiya niy yi maka.”

Ya ce, “Tun kana yi na ji shi ga bayana.”

Na tambaye shi don me bai faɗa ba tun a bakin ruwan, don me kuma ya bar Inna tana yabona shekara da shekaru. Ya ce a bakin ruwa kunyata ya ji, kuma wannan laifinsa ne, domin shi ya san abin da igiya ke yi, ni ban sani ba. Game da Inna kuwa ya ce, “Ta riga ta yi kukan ɗa guda. In sa ta kukan na biyu?”

Na so ya zage ni. Da ya zage ni, ko ya tashi ya bar mini zauren, da na sami sauƙi. Maimakon haka sai ladan ya kira salla, ya jawo butar da ƙafa, ya miƙo mini hannunsa na hagu ya ce, “Yaya, naɗe mani hannun riga.” Na naɗe masa har gwiwar hannu, na zuba masa ruwa ya yi alwala, ina kuka kamar yaro, shi yana ce mini in yi a hankali kada ruwan ya ƙare.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne girma ba sani ba ne. Na san rijiya, sai na ɗauka na san ruwa, na rufe bakin wanda ya fi ni sani don kawai a bayana aka haife shi. Kuma ba kowane riƙo ne ƙauna ba. Idan wanda kake so ya san hanyarsa, ya dube ka ya ce ka sake shi, to ka sake shi, ko da duk abin da aka koya maka yana cewa ka riƙe. Ni na riƙe, ƙanena ne ya biya da hannunsa.